Maganin Asabar

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe, duk na gani. Har da baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ban sako shafin yau ba, za ta daina gaishe ni. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ni kaina sai da na ajiye wayar sau biyu kafin na iya ƙarasa rubuta shi. Wanda ba ya son ganin jini ya nemi wuri ya zauna tukuna.

Ku kuma da kuka shigo yau, ga inda muka tsaya. Umma tana kwance a asibiti, bakinta duk ya kwaile, dasashinta yana jini, ko ruwa ba ya wucewa. Ta daɗe tana fama da ciwon fatar nan mai yin ɓawo fari a gwiwa da gwiwar hannu da tsakar kai, har likitar fata ta ɗora ta a kan wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya, ta fara samun kanta. 'Ya'yanta biyu ne, Yaya mai fentin mota da Auta malamar makaranta, kuma tun rasuwar Abba ba sa magana da juna. Shi yana cewa ta kai Abba asibiti ba ta neme shi ba sai da rai ya yi halinsa. Ita tana cewa ta kira shi har wayarta ta mutu, yana cikin feshi bai ɗaga ba. Don kada su haɗu, kwanakin duba Umma ma raba su suka yi.

Yau dai ciwo ya haɗa su a baranda ɗaya.

*

Nas ɗin da ke kula da Umma ba ta yi niyyar tayar da fitina ba. Fitowa ta yi da kwano a hannu, Yaya ya tare mata ƙofa da faɗin kafaɗarsa.

"Sista, me ya same ta?"

"Likita za ta zo ta yi muku bayani."

"Ke nake tambaya."

Ta kalli hannayensa masu tabon fenti, ta kalli idonsa da ya kaɗa ya yi ja, ta ga wannan ba mutumin da za a yi wa hanya-hanya ba ne.

"Da alama magani ne ya yi mata illa. Amma ku dakata..."

Ai bai tsaya jin sauran ba.

Auta tana zaune a ƙarshen benci, ta rungume jakarta. Ba ta kalle shi ba, bango ta kalla, kamar yadda ta saba in za ta yi masa magana.

"A dai gaya wa wasu nan asibiti ne. In huci ake ji, gareji yana nan."

Shi ma bangon ya amsa wa.

"A gaya wa masu kai mutane asibiti su mutu, wannan karon ba a hannunsu take ba."

Wayarsa ta hau ruri a aljihu. Ya ciro, ya ga Mai Kemis ne, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Tun safe yake kira, kira ya fi a ƙirga. Yaya ya cije leɓe har sai da ya fashe.

"Wato har labari ya kai maka," ya faɗa a hankali. "Tsoro ya kama ka ke nan."

Ya kashe kiran, ya fice. A can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da yake motsi, wata 'yar tambaya da ba ya son ya ji. Irin su Yaya kuwa in tambaya ta dame su, wanda za su daka suke nema.

Gareji ya fara biyawa. Bai gaisa da kowa ba, ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya soke a bayan babur.

*

Rana tsaka, layin shagon maganin cike da mutane. Mai Kemis yana tsaye bayan kanta, siririn mutum mai tabarau, ya sa takalmi ya rataya makulli a yatsa, alamar fita zai yi. Wani ƙaramin kwali yake sakawa cikin farar leda, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Yana ɗaga kai ya ga Yaya, fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi! Kai nake ta nema tun ɗazu. Abokina, zo mu tafi, ka zo da babur ko? Umma..."

"Kar ka ƙara kiran sunanta."

Sai a lokacin ya lura da ƙarfen.

"Subhanallahi. Me ye haka?"

"Uwata ka sayar wa guba?"

"Tsaya ka ji..."

Tas! Gilashin kantar ya tarwatse. Kwalaben maganin tari suka zubo ƙasa, jan ruwa ya malale har bakin ƙofa. Wata mata da ta shigo sayen audugar yara ta kwasa a guje tana salati.

"Jabu ka ba ni! Ni za ka cuta? Ni da muka ci kwano ɗaya da kai?"

"Wallahi ba jabu ba ne! Ka saurare ni minti ɗaya, minti ɗaya kawai!"

Yaya ya tsallake kantar. Duka na farko a kafaɗa ya sami Mai Kemis, sai da aka ji ƙarar ƙashi daga waje. Tabarau ya yi gefe. Abin da ya ba kowa mamaki, mutumin nan bai kare kansa ba. Ledar ya rungume a ƙirji, ya dunƙule a kanta, ya ba ƙarfe bayansa.

"Ka dake ni," yake cewa, numfashinsa yana sarƙewa. "Ka dake ni son ranka, amma ka bar ledar nan. Don girman Allah ka bar ledar nan."

"Me ye a ciki? Sauran jabun ne za ka je ka zubar? Shaida kake son ɓoyewa?"

"Ta Umma ce..."

"Na ce kar ka kira sunanta!"

Ya shaƙo wuyan rigarsa da hannu ɗaya ya buga shi da katakon jera magani. Kwalaye suka yi ta zubo musu a ka. Ya murɗe masa hannu har ledar ta suɓuce ta faɗi tsakanin ƙafafunsu. Mai Kemis ya yi kukan kura zai faɗa mata, Yaya ya riga shi. Takalmin aiki ne a ƙafarsa, mai ƙarfe a baki. Ya ɗora mata shi.

Ƙurus.

Ya sake ɗagawa ya sauke, ya murza da dunduniya.

Ƙurus, ƙurus.

Ihun da Mai Kemis ya yi a lokacin ya fi wanda ya yi da ƙashinsa ya karye. Ya durƙusa, jini yana bin gefen fuskarsa, ya ɗago ido ba tabarau yana laluben fuskar abokinsa.

"Sau nawa?" ya ce. "Kwalin da na ba ka na wata biyu ne, ka dawo min kafin lokaci. Na hana ka, na tambaye ka, ka yi min tsawa. Sau nawa kake ba ta a mako?"

Tambayar nan ita ce wadda Yaya yake gudu tun daga barandar asibiti. Jin ta a bakin wani ya sa idonsa ya rufe. Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu.

Wannan karon a ka ya sauka.

Mai Kemis ya sulale jikin firij, bai ƙara cewa uffan ba.

Kun san wani abin takaici? Ƙofar shagon nan cike take da ƙarti, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Babu wanda ya shiga sai wani dattijon tela da ke maƙwabtaka da shagon, tef ɗin awo a wuyansa. Shi ya rungumo Yaya ta baya yana ihu.

"Ɗana, za ka yi kisa! Kai, ka dawo hayyacinka, za ka yi kisa!"

Yaya ya watsar da shi kamar tsumma, dattijon ya bugu da ƙofa. Yaya ya jefar da ƙarfen, ya ratsa mutane, suka dare masa. Ya tayar da babur. Yana ta gaya wa kansa ya rama wa Umma, amma sanyin da ya zaci zai ji a ransa bai zo ba.

*

Yana shigowa barandar, Auta ta ga jini a gaban rigarsa har wuya. Ta miƙe zumbur, bakinta ya buɗe, sai ta tuna ba sa magana, ta mayar ta rufe.

Ƙofar ofis ta buɗe. Likitar fata ce, gajeriyar mace mai kaifin ido, wadda take duba Umma tun farkon ciwon.

"Ku ne 'ya'yanta? Ku shigo. Ku biyun."

"Ni zan shiga daga baya," in ji Auta.

"Malama, ba ni da lokacin gabarku. Ku shigo."

Suka shiga. Kujeru biyu ne a jere, Auta ta ja tata har jikin bango. Likita ta kalli rigar Yaya, ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta fasa.

"Zan yi magana da sauri, ku buɗe kunne. Ciwon mahaifiyarku sunansa soriyasis. Na sha faɗa muku, ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne, da za a kashe ƙwayar cuta a huta. Ba kuma ɗauka ake yi ba. Garkuwar jikinta ce ta rikice, take tunzura fata ta yi ta fitar da sabuwa tun tsohuwa ba ta faɗi ba. Mun fara da man shafawa, ya yi iya yinsa. Muka koma gasa fatar da hasken na'ura a nan asibiti, zirga-zirgar ta fi ƙarfin ƙafafunta. Akwai allurai na zamani, ba kowa ke iya kaiwa gare su ba. Shi ya sa na ɗora ta a kan metotirezet."

"Kuma ya karɓe ta," Auta ta ce. "Har ta koma sa riga mai gajeren hannu a gida."

"Ya karɓe ta, don magani ne mai kyau in an bi ƙa'idarsa. Ƙa'idar kuwa guda ɗaya ce. Sau ɗaya a mako. Ba sau biyu ba, ba kullum ba."

Yaya ya gyara zama.

"Jabu ne aka ba ta, Likita. Na riga na yi maganin wanda ya..."

"Jabu?" Ta cire tabaranta ta ajiye. "Malam, jabun magani alli ne, sai dai ciwon ya dawo. Abin da na gani a gwajin jininta aikin magani ne na gaske, wanda ya yi yawa. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sun kusa ƙarewa. Masu tsayar da jini ma haka, shi ya sa dasashinta yake zuba. Ƙodarta ta fara gajiya, ba ta fitar da shi. Yanzu haka da muke magana yana ci gaba da cin ta."

Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yake ba ta?"

"Ni ce," Auta ta ce da sauri. "Duk Asabar. Ƙwaya huɗu kamar yadda kika ce, daga kantin asibitin nan nake karɓa. Da hannuna nake ba ta, ban taɓa ƙarawa ba, ban taɓa ragewa ba. A jakata ma nake ajiye kwalin don kada ta yi kuskure."

"Gwajin jinin watan jiya fa? Ban gan ku ba."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ranar ta faɗo a kwanan wasu ne."

"Kin gaya masa?"

Auta ta kawar da kai.

Likita ta girgiza kai, ta juya kan Yaya.

"Kai fa?"

Ya kalli tafin hannunsa. Jinin ya bushe a tsakanin yatsu, ya haɗu da shuɗin fenti.

"Malam, da kai nake."

"Ni ma..." Ya dunƙule hannun. "Ni ma ina ba ta."

Auta ta juyo. A karon farko tun ranar da aka fita da gawar Abba, ta kalli yayanta ido cikin ido.

"Kana ba ta me?"

"Na ga takardar likita a kan durowarta, na ɗauki hotonta, na je na saya. Na duba ɗakin kaf ban ga maganin ba. Na zaci an bar ta ne haka, kamar yadda aka bar..."

"Wace rana?" Likita ta katse shi.

"Talata."

"Ita kaɗai?"

Ya haɗiye yawu.

"Da Alhamis."

"Innalillahi," Auta ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Na ga ya fara aiki ne! Na ga ɓawon yana faɗuwa, fatar tana yin sumul. A wurinmu in ka yi feshi na farko ka ga ya kama, ba ka tsayawa, na biyu kake bi da shi kafin ya sha iska. Na ce bari in ƙarasa mata shi gaba ɗaya ta huta."

"Ba a gaya maka sau ɗaya ba ne?"

"An gaya min."

"Uwar tamu ce mota?"

Auta ce ta yi tambayar, kuma ba ta jira amsa ba. Farantin ƙarfe na kayan aiki ne a kan tebur, ta sure shi ta kwaɗa masa a fuska. Almakashi da auduga suka watse. Girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ta yi tsalle ta ci kwalarsa, kujerar ta kife da su duka biyun.

"Ka kashe ta! Mugu, azzalumi, ka kashe min uwa!"

Tana duka tana yaƙushi, ta kafa masa haƙori a damtse. Ya yi ƙoƙarin ɓamɓare ta, ta ƙi saki.

"Ke da kika ɓoye kwalin a jaka fa? Da kin bar shi a ɗaki da na gani!"

"Da ka tambaye ni!"

"In tambayi wadda ta kashe Abba?"

Marin da ta zabga masa har baranda aka ji. Zuciya ta ɗebe shi, ya hankaɗa ta, bayanta ya daki kabad ɗin magani, gilashinsa ya tsage daga sama har ƙasa. Ta miƙe tana layi, ɗankwali a ƙasa, ta rarumo ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa za ta rafka masa.

Likita ta buga tebur da tafin hannu.

"Ya isa! Wallahi wanda ya ƙara ɗaga hannu sai na sa masu gadi sun fitar da shi, ya ji mutuwar uwarsa daga bakin titi!"

Kalmar mutuwa ce ta tsayar da su. Auta ta saki ƙarfen. Suna tsaye suna haki, shi jini a ido, ita jini a leɓe, kamar ba nono ɗaya suka sha ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ɗin ɗazu ce.

"Likita, tsohuwar ta ji hayaniyar. Tana ta nuna ƙofa."

*

Ɗakin Umma bango ɗaya ne ya raba shi da ofishin. Sai da aka sa su suka wanke hannu, aka ɗaura musu takunkumi, don ko tarin wani zai iya kayar da ita yanzu.

Tana kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zanen gado. Wuraren da ɓawon yake a da duk sun zama gyambo ja. Leɓɓanta sun kumbura sun yi baƙi.

Likita ta sunkuya kusa da ita.

"Umma, ki yi min haƙuri, tambaya ɗaya. Kin san maganin nan sau ɗaya ake sha a mako?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin san duka biyun suna ba ki?"

Ta sake gyaɗawa.

Auta ta dafe ƙirji.

"Umma! Kin sani? Kin sani kika yi shiru?"

Bakin Umma ya motsa. Kowace kalma sai ta yanke ta kafin ta fito, suka matso har kawunansu suka kusa haɗuwa.

"In na ƙi na hannunsa... zai ce ke na zaɓa."

"Umma..."

"In na gaya miki... za ki tare shi. In na gaya masa... zai tare ki." Ta numfasa. "Na ce ƙwaya ce 'yar ƙarama. Me za ta yi min."

Yaya ya zube a kan gwiwoyinsa a gefen gadon.

"Maganin ne yake kawo min shi," ta ci gaba, idonta a kan Auta. "Da safe. Ya zauna... ya ɓare min... ya riƙe min kofi. Rabon da ya zauna a ɗakina haka, tun Abbanku."

Wallahi a nan na ajiye wayar karo na farko.

Hannunta mai allurar ruwa ya lallaɓo ya taɓa girar Yaya da ta fashe. Ta juya ta kalli leɓen Auta ta gefen takunkumin da ya zame.

"Na ji ku ta bango."

"Ki yafe mana Umma, faɗa muke..."

"Na sani." Wani abu mai kama da murmushi ya tsaga leɓenta, jini ya biyo. "Ko zagi ne... na ji kuna yi wa juna magana."

Auta ta toshe baki ta fashe da kuka. Yaya ya kifa kai a ƙarfen gado, kafaɗunsa suna girgiza. Idon Umma ya lumshe, numfashinta yana fita da sauri-sauri.

Likita ta taɓa goshinta, ta kalli nas, ta yi musu alama su fito.

*

A baranda Auta ta riƙe hannun rigar likita.

"Za ta tashi? Ki gaya min gaskiya."

"Zazzaɓi ya shiga, mun fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, za mu ƙara mata jini. Amma duk wannan tare ɓarna ne. Abin da take buƙata allura ce da ake kira folinik asid, ita ce take tsayar da dafin maganin. Ba irin ƙwayar folik ɗin da take sha a gida ba ce, wannan daban ce. Kuma duk awar da ta wuce ba a yi mata ba, amfaninta raguwa yake."

"To a yi mata mana!" Yaya ya ce. "Ko nawa ne, ko garejin zan sayar!"

"Ba maganar kuɗi ba ce. Tamu ta ƙare. Mun buga wa manyan kantuna, babu, ba magani ba ne da ake ajiyewa barkatai. Wanda za a aiko mana daga nesa sai jibi, ita kuwa ba ta da jibi."

Auta ta jingina da bango.

"Amma Allah ya kawo mana sauƙi," Likita ta ce tana ciro waya. "Wani mai kemis ya kira ni da safe. Ya ce ya ji an kwantar da ita, ya ji alamomin, hankalinsa ya tashi. Shi ya fara gaya min ɗanta yana sayen maganin, shi ya sa na tsare ka da tambaya. Ya rufe shago ya bazama nema, bai jima ba ya sake kira ya ce ya samo wadda za ta ishe ta har tamu ta iso. Ya ce shi amininka ne, yana ta kiranka ku taho tare ba ka ɗaga ba."

Auta ta juya ta kalli jinin da ke gaban rigar Yaya. Ba na girarsa ba, wancan na farko, wanda ya bushe.

"Yaya," ta ce. Rabonta da kiransa haka ita kanta ta manta. "Yaya, jinin waye wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya kalli gaban rigarsa.

"Ya kamata a ce ya iso tun ɗazu," Likita ta ce. Ta danna kira ta kara a kunne.

Daga ƙarshen barandar, wata waya ta fara ruri.

Ƙofar ɓangaren gaggawa ta bugu, ma'aikata suka turo gadon ɗaukar marasa lafiya a guje. Hannu ɗaya yana reto a gefe, makulli har yanzu a yatsa. An naɗe kan da tsumman yadi, ya jiƙe sharkaf. Wayar tana ta ruri a aljihun rigar.

Bayansu dattijon tela ne yake ɗingishi, tef a wuya, goshinsa a kumbure. Ya rungume wata farar leda da ta yi kaca-kaca da sawun takalmi.

"Ina likitar tsohuwar nan mai ciwon fata?" yake tambayar duk wanda ya gani. "A mota ya farfaɗo sau ɗaya, ya ce in ba ta wannan hannu da hannu. Bai ƙara magana ba."

Likita ta sauke wayar a hankali. Ta karɓi ledar. Nas ta miƙo faranti, ta juye a ciki.

Kwali ne a murƙushe, da garin kwalba.

Ta sa bakin almakashi tana tonawa, tana juya kowane ɓallin gilashi. Auta ta matso kusa da farantin.

"Akwai wadda ta tsira? Likita, ko guda ɗaya?"

Likita ta ajiye almakashin. Ta juya wajen dattijon tela.

"Baba, a ina ya samo su? Ya gaya maka wurin?"

"'Yata, ni dai na ga ya fita da safe ya dawo da gumi. Shi kaɗai ya san inda ya je."

Duk suka juya wajen gadon. Wani likitan ya buɗe idon Mai Kemis da yatsa yana haska masa fitila, yana kiransa da ƙarfi.

"Malam! Malam, kana ji na? Matse hannuna in kana ji!"

Hannun bai motsa ba.

Sai a lokacin dattijon ya lura da wanda ke tsaye a bayan Auta. Ya nuna shi da yatsa.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne! Shi ya..."

Yaya bai ji shi ba. Gadon kawai yake kallo. Ya ɗaga ƙafa zai je wurin abokinsa, ya sauke takalmin a kan tayil.

Daga ƙarƙashin dunduniyarsa, ɓallin kwalbar da ya maƙale tun daga shago ya amsa.

Ƙurus.